Yadda ake shiga jirgin ƙasa daga Roma zuwa Milan, ga 'yan uwa masu tahiya Italiya

Assalamu alaikum jama'a. Wanga rubutu na yi shi ne saboda mutanenmu na nan Sakkwato da Allah ke ba ikon zuwa Italiya, musamman masu harkar fatu da takalma da jakunkuna, da ɗalibai, da iyayenmu da ke zuwa ganin 'ya'yansu. Da yawa jirgin sama na sauke su Roma amma ainihin abin da ya kai su yana Milan, ko dai baje kolin fata na Lineapelle da ake yi a watan Fabrairu da Satumba, ko na takalma da ake kira MICAM, ko ganin wani kamfani. To tambayar da ake yawan yi ita ce a sake shiga jirgin sama ko a nemi bas. Ni dai shawarata ɗaya ce, ka shiga jirgin ƙasa, ya fi sauƙi ya fi kwanciyar hankali, in dai ka san 'yan abubuwan da zan faɗa.

Na san mi ke sa mutanenmu ɗari-ɗari da shi. Mu nan ba mu tashi da jirgin ƙasa ba, layin dogon da Turawa sunka ja daga Zariya ta Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda tun 1929 bai ƙaraso mu ba, wanda ya shiga jirgin ƙasa a cikinmu galibi na Abuja zuwa Kaduna ne da anka buɗe a 2016. To Roma zuwa Milan kusan kilomita 570 ne, wato ya ɗan ɗara Sakkwato zuwa Kano, tahiyar da in ka je tasha da asuba sai ka zauna an jira mota ta cika sannan a yini bisa hanya, su can awa 3 ne ka isa, kuma jirgi ba ya jiran cika ba ya jiran Alhaji ya gama waya, in an rubuta 9:10 to 9:10 ɗin ne. Tikitinka na jirgi guda ne, tarago guda, kujera guda, lokaci guda. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin aikin.

Kamfani biyu ne ke gudu bisa wanga layi. Akwai Trenitalia, na gwamnati, jirginsu mai gudu shi ne Frecciarossa, ja ne da ratsin toka. Sai Italo, na 'yan kasuwa, wanda ya fara aiki a 2012, shi kuma jan nashi ya fi duhu. Duka biyun suna kai gudun kilomita 300 a awa, layi ɗaya suke bi, tasha ɗaya suke tashi, kuma gasar da ke tsakaninsu ce ta sa kuɗin tikiti ya yi sauƙi ga wanda ya saya da wuri. Kar ka wahalar da kanka da wanne ya fi, ka buɗe duka biyun ka duba lokacin da kake so, wanda ya fi araha ka ɗauka. Abu ɗaya dai, tikitin wannan ba ya aiki a jirgin wancan, ko da kuwa suna tsaye kusa da juna kuma duk Milan za su, in ka shiga na Italo da tikitin Trenitalia daidai kake da wanda bai da tikiti, kuma za a ci ka tara.

Wajen saye, ka sauke manhajar Trenitalia da ta Italo a wayarka tun kana gida, ko ka shiga shafinsu na intanet, duk suna da Turanci. Sunayen tashoshi da harshensu ake rubutawa, wajen tashi ka sa Roma Termini, wajen sauka ka sa Milano Centrale. Za a jero maka jirage da yawa don kusan kowane lokaci na yini akwai mai tashi, to nan ne ake son ka natsu ka dubi tsawon tahiyar ba kuɗin kawai ba. Wanda ba ya tsayawa ko'ina kusan awa 3 yake yi, mai tsayawa Firenze da Bologna ya kan ƙara kamar rabin awa ko fiye kaɗan, wannan duk lafiya lau ne. Amma za ka ga wani mai araha an rubuta Intercity, shi tsohuwar hanya yake bi yana iya cin awa 6 zuwa 7 ko ma fiye, akwai kuma haɗe-haɗen Regionale, wato jiragen yanki masu tsayawa gari-gari, da sai ka yi ta sauka kana canza jirgi da kaya a hannu. Ɗalibi mai lokaci da ƙaramar jaka zai iya, amma dattijo mai akwati biyu wanda ya kwana a sama, don Allah kar a yi mashi wannan tsimin.

Kuɗin kuwa ba tsayayye ba ne, yana hawa ne yadda kujeru ke ƙarewa. In ka saya da makonni kafin ranar ana samun na Yuro 30 zuwa 40, wani lokaci ma ƙasa da haka, in kuwa sai ranar ka je tasha to ka shirya kusan Yuro 90 zuwa 100 a ƙaramin aji. A Trenitalia za ka ga Base da Economy da Super Economy, a Italo kuma Flex da Economy da Low Cost, waɗannan ba ajin kujera ba ne, kujerar ɗaya ce, bambancin shi ne ko za ka iya canza lokaci ko a maido maka kuɗi. Base da Flex su ne masu tsada kuma su ne masu sassauci. Mafi arahar in jirgi ya tafi ya bar ka to kuɗin sun tafi ke nan. Ajin kujera shi ne Standard, Premium, Business da Executive a Frecciarossa, Smart, Prima da Club Executive a Italo. Gaskiya Standard ko Smart ya ishi kowa, kujera mai kyau ce da sanyi da wurin caji, awa 3 ce fa. Sai dai in ka ga Business ya sauko kusa da kuɗin Standard, yakan faru, to ka ɗauka don ya fi fili ga mai kaya.

Ga inda nake son a saurare ni da kyau, musamman wanda zai sauka daga jirgin sama ya wuce Milan a ranar. Kar ka sayi tikiti mai araha da ba a canzawa a lokacin da ya matse da saukarka. Mu daga Najeriya sai mun ratsa ta Adis Ababa ko Istanbul ko Doha ko wani wuri, jirgi na iya makara, layin duba fasfo na waɗanda ba 'yan Turai ba yakan yi tsawo, ga jiran akwati, sannan filin jirgin Fiumicino yana wajen gari kamar kilomita 30. Ka bar aƙalla awa 4 tsakanin saukarka da tashin jirgin ƙasa, ko ka biya Base ko Flex don ka samu damar canzawa, ko kuma ka kwana Roma ka tashi da safe da ƙarfinka, wannan ya fi. Kuma ka lura da agogo, lokacin sanyinsu agogonmu ɗaya da su, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa 1, sannan lissafin awa 24 suke yi, 15:40 shi ne huɗu saura minti ashirin na yamma. Maganar biya kuma, katin Naira ba kullum yake wucewa ba, ka tanadi katin Dala ko ka sa wani na can ya saya maka da sunanka yadda yake a fasfo. In duk bai yiwu ba akwai injin sayar da tikiti da ofis a tasha.

Daga Fiumicino zuwa Termini akwai jirgi na musamman, Leonardo Express, minti 32 ba tsayawa, Yuro 14. Akwai wani mai araha FL1 amma shi ba ya shiga Termini, Tiburtina yake bi, to in tikitinka na Termini ne kar ka shige shi. Nan ne kuma maganar buga tikiti ke shigowa, wadda ke jawo wa baƙi tara. In tikitin takarda ka saya na Regionale, wanda ba a rubuta kujera ba, sai ka cusa shi a ɗan injin da ke bakin layi ya buga mashi kwanan wata da lokaci kafin ka shiga, in ba ka buga ba mai duba tikiti zai ɗauka kana son sake amfani da shi ne kuma cewa ni baƙo ne ba ta fisshe ka. Amma na Frecciarossa da Italo ba a buga su, tunda lokaci da kujera na jiki. Abin da ake buƙata lambar da anka turo maka ta imel ce da ɗan murabba'in nan mai zane-zane da ake haskawa, ka ɗauki hotonsu ka ajiye a waya don kar ka dogara da data, in da hali ka buga a takarda tun nan gida, waya na iya mutuwa.

Ka isa Termini kamar minti 30 zuwa 40 kafin lokaci. Ba a auna kaya, ba layin bincike irin na filin jirgi, abin da kawai za ka yi shi ne neman layin da jirginka zai tsaya. Ka ɗaga kai ka nemi babban allo da anka rubuta Partenze, shi ne na masu tashi, Arrivi na masu isowa ne kar ka tsaya gabanshi. Kuma kar ka nemi kalmar Milano a allon, ka nemi lambar jirginka, lamba huɗu ce tana jikin tikiti. Dalili kuwa allon ƙarshen zangon jirgi yake nunawa, naka na iya zama mai wucewa Torino, Milan tsayawa kawai zai yi, sannan ana iya samun jirage biyu ko uku masu zuwa Milan cikin 'yan mintuna, na kamfani daban-daban. In ka samu lambar sai ka bi layinta zuwa ƙarshe inda anka rubuta Binario, nan lambar dandamalin za ta fito. Sau da yawa ba ta fitowa sai saura minti 10 zuwa 15, kar hankalinka ya tashi, kowa da ka gani tsaye yana kallon sama ita yake jira. In ka ga Ritardo da lamba to mintunan makara ne. Da ta fito sai ka ja kayanka, akwai ƙofofi kafin dandamali inda za ka nuna tikiti ka wuce.

Wurin nan na jiran allo shi ne inda ya kamata ka fi kula da jikinka. Termini tasha ce mai cunkoso, kuma 'yan sane sun san baƙo daga ganin yadda yake waige-waige. Fasfo da kuɗi kar su zauna a aljihun gefe na kaftani ko babbar riga, hannu na shiga nan ba ka ji ba, ka sa su a ƙaramar jaka ta rataye daga ciki ko aljihun ƙirji mai zif, Hajiya kuma jakar hannu ta dawo gaba ƙarƙashin mayafi. In kana gaban injin tikiti wani ya zo da fara'a zai taimake ka, ko ya kama akwatinka zai kai maka tarago, ka ce a'a na gode ka riƙe kayanka, ma'aikatan gaskiya suna da yunifom da tambarin kamfani kuma ba su neman ko sisi. Mu mun saba in mutum ya yi maka alheri kunya ta hana ka ƙi, to a nan ka aje kunyar. Fasfonka kuma ya kasance a jikinka ba cikin babban akwati ba, don 'yan sandan tasha, Polfer ake ce masu, suna da ikon tambayar baƙo takardunshi, ka nuna cikin natsuwa su duba su ba ka. Lambar neman agaji 112 ce.

A tikitin za ka ga Carrozza, lambar tarago ke nan, da Posto, lambar kujera, misali tarago 7 kujera 12A. Lambar tarago na jikin ƙofa, kuma a dandamali akwai ƙananan alluna da ke nuna inda kowane zai tsaya. Jirgin dogo ne sosai, in naka na can ƙarshe tahiya ce mai ɗan nisa, in ka ga lokaci ya ƙure ka shige ta ƙofar da ta fi kusa ka ratsa ta ciki, don ana rufe ƙofofi kafin minti na tashi ya cika kuma in sun rufe ba mai buɗe maka. Manyan akwatuna akwai wurinsu a bakin tarago, matsakaita su hau saman kai ko tsakanin bayan kujeru biyu. Ni na fi son akwatina ya zauna inda idona ke kaiwa, in kuwa dole sai bakin ƙofa to duk tashar da anka tsaya ka ɗan leƙa. Mai ɗauke da samfurin fatu ko manyan kaya ya duba ƙa'idar girman jaka kafin ya saya, Italo na da iyaka a ajin Smart. In ka tarar da wani bisa kujerarka ka nuna mashi tikiti kawai zai tashi, kai ma kar ka zauna ta wani don ka ga ba kowa, mai ita na iya shigowa a Firenze. Cajar wayarmu mai ƙafa uku ba ta shiga soket ɗinsu, ka sayi adafta mai ƙafa biyu zagayayyu tun a kasuwa nan gida. Kuma a rage murya wajen waya, mutanen gida za su yi ta kira a ji ko an sauka lafiya, ka tashi ka je tsakanin taragu ka amsa, a Business na Frecciarossa ma akwai ɓangaren da anka ware na shiru gaba ɗaya.

Hanyar kanta abin kallo ce a farkonta. Daga Roma za ka ratsa tuddai da gonakin zaitun da inabi da tsofaffin garuruwa bisa duwatsu har Firenze, wajen awa ɗaya da rabi. In jirginka mai shiga tashar Firenze Santa Maria Novella ne, zai shiga ne ya fito da baya don layin ya ƙare a nan, sai ka ga kana kallon inda ka fito, ba komawa Roma ake ba ka kwantar da hankalinka. Masu harkar fata su riƙe sunan tashar nan, don garin majema na Santa Croce sull'Arno yana tsakanin Firenze da Pisa ne, a Firenze ɗin ake sauka a canza zuwa Regionale. Daga Firenze zuwa Bologna kuwa ba abin da za ka gani sai duhu, layin kilomita 78 ne kuma kusan 73 daga ciki rami ne da anka haƙa ƙarƙashin duwatsun Apennini, an buɗe shi a Disamba 2009, kuma shi ne ya sa tahiyar ta dawo awa 3. Kunnenka zai ɗan toshe, ka haɗiye miyau, waya ma na iya ɗaukewa. Tashar Bologna ta jirage masu gudu ita ma a ƙarƙashin ƙasa take. Bayan nan sai shimfiɗaɗɗen fili na kwarin kogin Po, gonaki da masana'antu, nan ne jirgi ke sakin jiki ka ga allon cikin tarago na nuna 300.

Abinci, akwai wurin sayar da shayi da kofi da burodi a cikin Frecciarossa, Italo kuma injin sayar da kayan sha da ɗan abin taɓawa, amma ni shawarata ka shigo da naka, ba a hanawa. Unguwar da ke kewaye da Termini, wajen Piazza Vittorio, cike take da shagunan Musulmi 'yan Bangaladash da Masar da sauransu, za ka samu halal ba wahala. In sanwici za ka saya ka kiyayi waɗannan sunaye: maiale, prosciutto, salame, pancetta, mortadella, speck, duk alade ne, sai strutto wato kitsenshi, wanda ake yawan sawa a wani burodi mai faɗi da ake kira piadina ko da ba nama a ciki. Ka nemi mai tonno, kifi ke nan, ko mozzarella da pomodoro wato cuku da tumatir. Ban ɗakin cikin jirgi kyauta ne, na tasha sai ka biya wajen Yuro 1, kuma ba buta, ka riƙe 'yar gorar ruwa. Maganar salla, ka tsara lokacinka yadda tahiyar za ta faɗa tsakanin salloli, jirgin safe bayan asuba ya fi daɗi don kana Milan kafin azahar. Hukuncin ƙasaru da haɗa salla kuwa ka tambayi malaminka kafin ka bar gida. In Juma'a ta riske ka a Roma kana da lokaci, babban masallacinsu da anka buɗe a 1995 yana arewacin gari, yana cikin mafiya girma a Turai, ya cancanci a je.

Abu biyu kan ɓata lissafi. Na farko makara, tana faruwa, kuma doka ta ba ka haƙƙi, in jirgi ya isa a makare da minti 60 zuwa 119 ana maido kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, in ya kai minti 120 kashi 50, ta manhaja ko ofishinsu ake nema, kar ka yar da tikitin. Na biyu yajin aiki, su suna ce mashi sciopero, kuma ana sanar da shi tun kafin ranar, to kwana biyu kafin tahiyarka ka duba shafin kamfanin, suna fitar da jerin jiragen da za su tashi ko ana yajin. Don haka ranar da za ka koma gida kar ka tsara cewa da safe za ka baro Milan ka kama jirgin sama a Roma da rana, ka dawo tun jajibiri. Tsakiyar Agusta, wajen 15 ga wata, da ƙarshen Disamba da makon manyan baje koli kujeru na ƙarewa da wuri, a saya tun da nisa.

Da kun kusa Milan wasu jiragen na tsayawa Milano Rogoredo, za ka ji an ce Milano ka ga mutane sun miƙe, kar ka bi su in tikitinka Centrale ne, saura 'yan mintuna. Milano Centrale ba ta ɓacewa, ƙaton rufin ƙarfe ne da gilashi mai lanƙwasa, an buɗe ta a 1931. Ka sauko ƙasa ka bi jar alama mai harafin M zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi biyu ne a nan, M2 kore da M3 rawaya. Mai zuwa tsakiyar gari ya shiga M3 ya sauka Duomo. Mai zuwa baje koli kuma daga Duomo ɗin ya canza zuwa M1 ja, amma ya duba goshin jirgin ya tabbata an rubuta Rho Fiera, don layin ya rabu biyu ɗayan Bisceglie yake zuwa. In kaya sun yi yawa ka fita ƙofar tasha ka bi layin tasi, farare ne masu mita, kar ka bi wanda ya tare ka a ciki yana cewa tasi tasi. In kuma masaukinka bai buɗe ba tukuna akwai wurin ajiyar kaya a tashar, Deposito Bagagli, ana biya gwargwadon awannin da kaya sunka yi, kuma za su nemi ganin fasfonka.